Matakan Kafa Zauren Taimakon Lissafi Ta Waya Ga Ɗaliban Rano Da Kibiya

Ɗalibin da ke son karatun likitanci, injiniya, aikin gona, akawu ko kwamfuta ba shi da hanyar kauce wa lissafi. Sai ya kawo kiredit a WAEC ko NECO, wato daga A1 zuwa C6. In ya ci sauran darussa duka ya samu D7 a lissafi, zaman gida ya kama shi har wata shekara, kuma ba kowane uba ne ke iya sake biyan kuɗin jarrabawa ba. A wajen 'ya mace ma sau da yawa wannan shekarar ta jira ita ce ƙarshen karatun.

Rano da Kibiya ba su rasa masu ilimin lissafi ba. 'Ya'yansu suna Jami'ar Bayero, suna Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu sun gama suna koyarwa ko suna aiki a Kano da Abuja. Amma yaron da tambaya ta tsaya masa bayan sallar isha'i a Rurum, ko Saji, ko Tarai, ko Fammar, ba shi da wanda zai nuna wa, sai ya rufe littafin. Gobe malam ya wuce babi na gaba, ramin kuma ya ci gaba da faɗi. Waya tana iya haɗa wannan yaro da yayansa na jami'a.

An gwada haka a wasu wurare. A Afirka ta Kudu, a 2007, Laurie Butgereit ta hukumar binciken kimiyya ta CSIR ta fara wani shiri mai suna Dr Math a kan manhajar hira ta MXit. Yara suna turo tambaya daga ƙananan wayoyinsu, ɗaliban Jami'ar Pretoria suna zaune gaban kwamfuta suna taimaka musu. A Amurka, Sal Khan ya kafa Schoolhouse.world a 2020, inda 'yan sa-kai ke koyarwa kyauta ta intanet. Mu nan ba ma buƙatar gina wata manhaja, WhatsApp ya isa. Abin da muke buƙata tsari ne, domin abu biyu ke kashe irin wannan zaure: tambaya ta kwana ba a kula ta ba, ko kuma a riƙa miƙa wa yara amsa a dafe. Duk matakan da ke ƙasa maganin waɗannan biyun ne.

Mataki na 1: Ku zaɓi aji ɗaya da jarrabawa ɗaya

Kada ku ce za ku ɗauki kowa daga firamare har SS3. Ku tsaya a wuri ɗaya. Ni a ganina SS2 ya fi dacewa. A nan ne ɗaliban makarantun gwamnatin Kano ke fuskantar jarrabawar kwalifayin, kuma akwai shekara guda cur kafin WAEC da NECO, wadda ta isa a cike ramukan baya. SS3 sun fi zafin nema, amma su amsa suke so yanzu-yanzu, ba gyaran tushe ba. In kuma ƙarfinku ya fi ga ƙananan yara, ku ɗauki JSS3 masu shirin jarrabawar shiga kwalejojin kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Ku fara da ɗalibai 30 zuwa 40 daga makaranta ɗaya ko biyu. WhatsApp yana ɗaukar mutum sama da 1,000 a zaure ɗaya, amma ku ba za ku iya ɗaukar su ba.

Mataki na 2: Ku tara 'yan sa-kai, ku gwada su, ku raba musu kwana

Mutum shida zuwa takwas sun isa farawa. Ku nema a ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin Rano ko Kibiya da ke manyan makarantu, da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar, da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo yankin, da malaman da suka yi ritaya amma hannunsu bai manta alli ba. Lallai a samu mata aƙalla biyu a ciki.

Gwajin ba raini ba ne, kuma ku faɗa musu haka tun farko. Ku ba kowa tambayoyi biyar daga tsofaffin takardun WAEC, ya warware a takarda, sannan ya yi bayanin ɗaya da murya cikin minti biyu kamar yana magana da ƙaninsa. Za ku tarar da wanda ya ƙware a lissafin jami'a amma ba ya iya saukowa, da kuma mai NCE wanda in ya yi bayani ko tsohuwa za ta gane. Na biyun kuka fi buƙata. Na farkon ku ajiye shi a matsayin mai duba aikin sauran.

Daga nan sai jadawali, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Kowane dare mutum biyu ne ke da aiki, ɗaya mai amsawa, ɗaya mai jiran ko-ta-kwana. A rubuta sunaye da ranaku a maƙala a saman zaure. In aka ce kowa ya amsa lokacin da ya samu dama, kowa zai zaci wani zai amsa, tambaya ta kwana. Yaron da aka yi wa shiru sau biyu ba zai sake turo ta uku ba. Ku kuma tambayi ɗaliban jami'a lokacin jarrabawarsu tun da wuri, domin a makonnin nan ba za ku gan su ba, kuma hakkinsu ne.

Mataki na 3: Ku shiga ta ƙofa

Ku je wajen shugaban makaranta da malamin lissafi kafin ku yi magana da yaro ko ɗaya. Ku gaya wa malamin gaskiya: «Malam, ba mun zo karɓe maka aji ba ne. Kai ne ka san inda suke, mu masu taya ka ne da daddare.» Ku roƙe shi jerin darussan zangon, domin abin da kuke yi ya tafi kafaɗa da kafaɗa da abin da yake koyarwa, ku kuma sa shi cikin zauren. Malamin da aka tsallake yakan zama mai suka, wanda aka girmama kuwa shi zai riƙa turo muku yaran da suka fi buƙata.

Sai iyaye. Yawancin wayoyin da yaran za su yi amfani da su na uba ne, ko uwa, ko wa. Don haka a yi musu bayani a taron iyaye da malamai, a karɓi lambar daga hannunsu. In an sanar da dagaci ko mai unguwa da limami, maganar ta fi saurin zama, musamman a kan 'yan mata.

Mataki na 4: Ku gina zauren daidai da wayar da ke gidan

Ku buɗe zaure biyu, na maza da na mata. Na matan, mata ne za su jagoranta, kuma a sa malama ɗaya ko uwa ɗaya mai mutunci ta zauna a ciki tana gani. In tambaya ta fi ƙarfin masu amsawa a can, su kai ta zaure na uku, na 'yan sa-kai kaɗai, a warware, su dawo da ita. Ku kunna saitin da ke sa sai shugabannin zaure sun amince kafin sabon mutum ya shiga, kuma kada a yaɗa mahaɗar shiga a Facebook.

Dokar da ba ta da sassauci ita ce: babu ɗan sa-kai da zai bi ɗalibi ko ɗaliba ta bayan fage. Duk magana a fili take, a cikin zaure. Wanda ya karya wannan a cire shi ranar, ko da shi ne gwanin gwanaye. Masu Dr Math sun ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai, suna adana duk hirar da aka yi, kuma masu koyarwa ba sa neman bayanan sirrin yara. Amanar iyaye ita ce jarinku, in ta zube sau ɗaya aikin ya tashi a garin baki ɗaya.

Lokaci kuma ya bi rayuwar garin. Da yamma yara suna Islamiyya, da damina suna gona, wayar ma tana aljihun mai ita sai ya dawo gida. Daga bayan isha'i zuwa ƙarfe 9:30 ya fi dacewa, da safiyar Asabar ko Lahadi. In lokaci ya cika a rufe zauren, ya zama shugabanni kaɗai ke iya rubutu. Wannan yana kare barcin yara, yana kare cajin wayar uba, yana kuma hana zauren komawa dandalin hira. Da azumi a matsar da lokacin zuwa bayan asham ko da hantsi. Babu siyasa, babu talla, babu saƙonnin turawa.

Ku guji bidiyo, yana cinye data kuma ba ya sauka inda sabis ke da rauni. Hoton takarda da gajeriyar murya sun wadatar.

Mataki na 5: Ku koya wa yara yadda ake tambaya

Makon farko duka a kan wannan zai tafi. Tambaya tana zuwa da abu uku: hoton tambayar cikakkiya har da zanen da ke jikinta, hoton abin da ɗalibi ya gwada ko da layi ɗaya ne, da kuma faɗin inda ya tsaya. A ɗauki hoton cikin haske, takardar a shimfiɗe. A rubuta lissafi da biro a takarda maimakon bugawa a waya, domin in yaro ya buga 1/2x ba wanda ya san ko rabin x yake nufi ko 1 a kan 2x.

Wanda ya turo tambaya tsirara, a mayar masa da ita cikin ladabi: «Madalla ƙanena, tambaya ce mai kyau. Turo min abin da ka fara, ko da kana ganin ba daidai ba ne.» Da farko za su ji haushi. Bayan mako biyu za su saba.

Mataki na 6: Ku nuna hanya, kada ku ba da amsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne 'yan sa-kai suka fi faɗuwa, saboda warware tambaya gaba ɗaya ya fi sauƙi, ga kuma godiya da ke biyo baya. Amma yaron da aka warware wa ya kwafa ne kawai. Ranar jarrabawa takarda ta biyu ta WAEC tana neman a nuna aiki layi bayan layi, ana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, kuma yayan nan na jami'a ba ya cikin ɗakin.

Ka fara da karanta abin da yaron ya rubuta, ka nemo layin farko da ya kauce. Kada ka ce masa «ba daidai ba ne». Ka yi masa tambayar da za ta sa ya gani da kansa. A ce wata ɗaliba ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, kuskuren da ake gani har a SS3. Sai malama ta ce: «Ƙanwata, rabi da biyu bisa biyar, wanne ya fi yawa?» In ta yi tunani za ta ce rabi. «To ta yaya aka ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu?» Daga nan ƙofa ta buɗe.

Don ƙarasa mata, akwai abin da ta riga ta ji a Islamiyya. Mace ta rasu ba ta bar ɗa, uba ko 'yan'uwa ba, sai miji da uwa da baffa. Miji yana da rabi, uwa tana da sulusi. Malaman rabon gado za su ce asalin mas'alar 6 ne: miji 3, uwa 2, saura 1 na baffa. Wato rabi da sulusi sun zama 5/6. Wannan asalin mas'ala shi ne abin da littafin makaranta ke kira LCM. Yara da yawa suna ɗauke da tunanin cewa lissafi kayan baƙi ne da ba a yi don kansu ba, alhali Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi a kan murabba'an lambobi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Yana da kyau su san haka.

Haka nan lissafin da ake neman abu biyu a lokaci ɗaya. Kafin ka kawo x da y, ka ce: wani ya sayi tiya 3 ta masara da tiya 2 ta wake a kan naira 9,000, wani ya sayi tiya 1 ta masara da tiya 2 ta wake a kan naira 6,000, nawa ne tiyar masara? Yaron da ya taɓa zama a kasuwa zai ce bambancin tiya 2 ce ta masara, kuɗinta 3,000, don haka ɗaya 1,500 ce. Ya riga ya yi abin da ake kira elimination bai sani ba. Saura ka nuna masa yadda ake rubuta shi: 3x + 2y = 9000, x + 2y = 6000, a ɗebe na ƙasa daga na sama.

Ka koya musu gwada amsa da kansu. Wanda ya rubuta (x + 3)² = x² + 9, ka ce ya sa 1 a gurbin x. Hagu zai ba shi 16, dama 10, ya ga akwai 6x da ya ɓace. Ɗalibin da ya iya duba aikinsa ya rage dogaro da kai, kuma abin da ake nema ke nan.

Bayani da Hausa, rubutu da Turanci. Da Hausa ake ganewa, amma da Turanci jarrabawa ke zuwa, don haka kalmomi irin su simplify, evaluate, factorise da hence a bar su yadda suke a takarda, a bayyana abin da kowacce ke nema. Sau da yawa ba lissafin ne ya kayar da yaro ba, bai gane me aka ce ya yi ba ne.

In ya kai ga amsa, ka ba shi wata tambaya mai kama da ita ya yi shi kaɗai. In ya ci wannan, to ya koya. In kai ma ba ka da tabbas, ka ce «bari in duba in dawo», ka kai zauren 'yan sa-kai. Manhajojin da ke warware lissafi daga hoto, irin su Photomath, da masu hira irin su ChatGPT da Meta AI, suna da amfani ga ɗan sa-kai wajen duba kansa, amma masu hirar nan sukan kawo amsar kuskure cike da ƙarfin gwiwa. Kada a tura wa yara abin da suka fitar sai mutum ya bi shi da biro.

Mataki na 7: Kada ku manta da gidan da babu babbar waya

Waɗanda suka fi buƙatar taimakon su ne ba za ku gani a WhatsApp ba. A 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, ƙungiyar Young 1ove a Botswana ta yi gwaji da iyalai kimanin 4,500 masu yara 'yan firamare. Wasu an riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20. Waɗanda aka kira su ne suka nuna ci gaba a fili, saƙo kaɗai bai yi wani tasiri ba.

Ku ɗauki darasin. Kowane ɗan sa-kai ya riƙe yara uku ko huɗu masu ƙaramar waya. Ya tura tambaya biyu ta tes, ya kira a ranar da aka yi alkawari da mai wayar, a buɗe murya uba ko uwa suna ji, yaro yana riƙe da biro da takarda. Inda yara ke maƙwabtaka, huɗu na iya zama kan tabarma ɗaya da waya ɗaya.

Mataki na 8: Ku toshe ƙofar satar amsa

Da zarar lokacin jarrabawa ya matso, wani zai turo hoto ya ce ga tambayoyin gobe, ko ya turo daga cikin ɗakin jarrabawa. A goge nan take, a cire mai turowa. Satar amsa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999 ta hana maguɗin jarrabawa, hukumomin jarrabawa suna riƙe ko soke sakamakon wanda aka kama, kuma cin amana ne ga yaran da suka sha wahalar karatu. Mafita mai sauƙi ita ce a rufe zauren tun daren jajibirin jarrabawar lissafi har a fito. Aikin gida ma ba a yi wa yaro shi, sai dai a warware mai kama da shi.

Mataki na 9: Ku riƙe littafi, ku riƙa haɗuwa

Mutum ɗaya ya riƙe littafin kura-kurai. Kowane mako ya rubuta darussan da aka fi tambaya da kuskuren da ya fi maimaituwa, a kai wa malamin aji ƙarshen wata. Wataƙila ku tarar tambayoyin da ke zuwa da sunan logarithm ko trigonometry, asalin ciwonsu jadawalin sau ne, da alamar ɗebewa, da rabe-raben lamba. In haka ne, ku ware dare ɗaya a mako don tushe, ba tare da kunyata kowa ba. Rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke wallafawa a shafinta yana nuna inda ɗalibai ke yawan zubar da maki, ya kamata kowane ɗan sa-kai ya karanta shi.

Ku ba da gwajin tambaya 20 a makon farko, ku sake ba da irinsa ƙarshen zango. Da shi za ku san ko kuna aiki ko kuna hira. Sau ɗaya a wata, ko lokacin hutu da 'yan jami'a ke gida kuma 'yan makarantar kwana sun dawo, a haɗu a aji ɗaya da allo. Zane da kamfas da jadawalin giraf ba sa koyuwa sosai ta waya, sai an riƙe hannu. Masu shirin JAMB kuma a gwada su da agogo, tunda tambaya 180 ce cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga mai ɗaukarsa.

Kuɗin da ake buƙata kaɗan ne: data da katin kira na 'yan sa-kai, da buga takardun gwaji. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta ci gaban gari za ta iya ɗauka, a riƙa bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita. Kada a karɓi ko sisi daga yara. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa da godiya, amma kada a sa wa zauren sunansa ko hotonsa, domin yaran kowane gida ne a ciki. Ƙarshen shekara shugaban makaranta ya ba kowane ɗan sa-kai takardar shaida, za ta yi masa amfani wajen neman aiki.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma samar da malamai da azuzuwa nauyinta ne da ba wanda zai sauke mata. Wannan kuwa namu ne, ba ya jiran kasafin kuɗi. Kai ɗan Rano ko Kibiya da ke jami'a, ke malama da ke da kiredit ɗinki a aljihu, ku nemo mutum biyar irinku a wannan makon, ku je ku gaida shugaban makarantar da kuka gama. Ku fara tun zangon farko, kada ku bari sai jarrabawa ta rage wata guda.